Muhammadu Alwali: Sarkin da ya fasa Dirki, ajali ya riske shi a Burumburum

A ƙaramar hukumar Tudun Wada, can kudancin jihar Kano, akwai wani gari da ake kira Burumburum. A lissafin hukumar zaɓe mazaɓa ce guda cikin mazaɓun yankin, ga mutanensa kuma garin noma ne kamar maƙwabtansa na Kiru da Bebeji da Doguwa. Amma a tarihin Kano sunan yana da nauyin da ya wuce haka, domin a nan ne, wajen shekarar 1807, aka kashe Muhammadu Alwali ɗan Yaji, sarki na 43 a jerin da ya faro daga Bagauda, kuma na ƙarshe cikin sarakunan Haɓe da suka zauna a Gidan Rumfa.

Da abu biyu ake tuna Alwali. Na farko shi ne faɗuwarsa a hannun masu jihadi. Na biyu kuwa shi ne gatarin da ya sa aka sara wa Dirki, wani ƙunshi na fatu da fadar Kano ta yi kusan shekara 200 tana yi wa yanka. An daɗe ana ɗaura abu biyun nan da igiya ɗaya, ana cewa saran ne ya jawo faɗuwar. Wanda ke son ya gane dalilin wannan fassara, sai ya fara sanin yadda Bahaushen wancan zamani yake kallon rai, da inda yake zaton ƙarfin rayuwa yana zaune, a jikin mutum da kuma jikin ƙasa.

Kurwar mutum da kurwar gari

A tunanin Bahaushe na gargajiya, mutum bai tsaya ga tsoka da ƙashi ba. Yana da rai, wanda idan ya fita shi ke nan. Yana kuma da kurwa, wadda ake ganin tana iya barin jiki alhali mai ita yana numfashi. Idan yaro ya yi ta ramewa ba a ga ciwo ba, ko ya riƙa firgita yana sambatu, sai a ce maye ya kama kurwarsa, a nemi boka, ko a tilasta wa wanda ake zargi ya tsallake majinyacin don ya sake ta. Wannan zargi ya cuci bayin Allah masu yawa, galibi tsofaffi da marasa galihu, har gobe kuma bai ƙare ba. Sai dai yana nuna wani ginshiƙin tunani: akwai wani ƙarfi da ba a gani, wanda ke iya ƙaruwa ko raguwa, ana iya sace shi, ana kuma iya tsare shi.

Kalmomi biyu ne suka fi fito da faɗin wannan tunani. Ɗaya ita ce lafiya, wadda Bahaushe ke tambaya game da jiki da gida da kasuwa da gari baki ɗaya. Ɗayar ita ce magani. Da kalma guda ake kiran saiwar da ke sauke zazzaɓi, da layar da ɗan tauri ke ɗaurawa don ƙarfe, da abin da ɗan kasuwa ke nema don farin jini, da kafin da ake binnewa a ƙofar gari don kada abokan gaba su ci shi. Wanda ya yarda cewa gari yana da lafiya, ba zai sha wuyar yarda cewa yana da kurwa ba, kuma kurwar tana bukatar ma'aji da mai kula da ita.

Ba Bahaushe kaɗai ya yi irin wannan tunani ba. Likitancin gargajiya na ƙasar Sin an gina shi kan wani ƙarfi da suke kira qi, wanda suke cewa yana gudana ta wasu hanyoyi a jiki, shi ya sa suke soka siraran allurai don buɗe inda ya toshe. Mutanen Indiya suna da prana, wanda suka danganta da numfashi. Yarbawa suna da ashe, ikon da ke sa magana ko abu ya tabbata. Likitocin Musulunci da suka gāji ilmin Girkawa, irin su Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, sun yi bayanin wani ruhi na likitanci, daban da ruhin da malaman addini ke nufi, suka siffanta shi da tururi mai laushi da ke tashi daga zuciya yana bin jijiyoyi.

Wasu al'ummun kuma sun ɗauki wannan ƙarfi sun ajiye a cikin wani abu guda na sarauta. A Kanem akwai Mune, wani rufaffen abu da sarakunan gidan Saifawa ke fita da shi yaƙi. Mai Dunama Dabbalemi ya buɗe shi a ƙarni na 13, kuma Imam Ahmad ibn Furtu, wanda ya yi rubutu a zamanin Mai Idris Alauma, ya danganta fitinun da suka biyo baya da wannan buɗewa. A ƙasar Asante, waɗanda fataken goro ke kira Tonawa, Kujerar Zinariya ce ake ɗauka matattarar ruhin al'umma. Da gwamnan Ingila Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa ita a Kumasi a 1900, yaƙi ne ya ɓarke a ƙarƙashin jagorancin Yaa Asantewaa. Dirki shi ne irin wannan ma'aji a Kano.

Gidan da ya haife shi

Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Bature H. R. Palmer kuma ya buga fassararsa a 1908, ya nuna cewa an fara Dirki ne a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. Zamani ne na tsanani. Kwararrafawa sun auka wa birnin har mutane suka gudu Daura, Katsinawa suna ta kai hari, ga kuma yunwar da aka ce ta shekara 11. Cikin irin wannan firgici fada ta nemi kafin da zai riƙe ƙasa, sarakunan da suka biyo baya kuma suka gāji kula da shi kamar yadda suka gāji tambari.

Alwali ɗan gidan Kutumbawa ne, zuriyar Muhammadu Alwali Kutumbi wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648. Sunan da ya buɗe gidan shi ne ya rufe shi. Kutumbi mayaƙi ne, kuma shi kundin ya ce ya fara karɓar jangali a hannun Fulani makiyaya. Bayansa buƙatun fada suka yi ta hauhawa. Sarki Sharefa, daga 1703 zuwa 1731, ya ƙirƙiro haraji iri-iri. Ɗansa Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, ya matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi har ta kusa mutuwa, ya aza wa malamai haraji, Larabawa 'yan kasuwa suka tattara suka koma Katsina, talakawa da yawa suka fice daga birni. A zamanin Alhaji Kabe kuma Sarkin Gobir Babari ya ci Kanawa da yaƙi.

Mahaifin Alwali, Sarki Yaji na biyu, wanda ya hau gado a 1753, mutum ne mai sanyin hali da adalci, har a cikin gida ana yi masa laƙabi da Malam Lafiya. Shekara 15 ya yi ƙasa tana hutawa. 'Ya'yansa uku suka gāje shi bi da bi. Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, ya dawo da tsanani, ya danne hakimai, shi ne kuma ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Dauda Abasama ya biyo baya na shekara biyar. A 1781 sarauta ta faɗo kan Muhammadu Alwali, wanda sunan mahaifiyarsa Baiwa. Ya gāji birni mai ganuwa da kasuwa da marina, da rundunar dawaki masu lifidi. Ya kuma gāji talakawa da makiyaya da malaman da suka yi shekaru suna haɗiye takaici.

Shanu 40

Abin da kundin ya fara ambata game da mulkinsa shi ne tanadi. Da hawansa ya shiga tara hatsi, gero da maiwa, saboda shirin yaƙi. Amma yunwa ta riga yaƙin isowa. Cikin wannan hali ne manyan fada suka zo suna tuhumarsa da hana Dirki abin yankansa. Shanu 40 suke nema. Suka kuma tsorata shi da cewa duk sarkin da ya hana, suna jiye masa wani mugun abu.

A ma'aunin fadawan nan, maganarsu ba shirme ba ce. Yadda boka zai ga majinyaci yana ramewa ya ce a zubar da jini don a fanshi kurwarsa, haka su ma suka ga ƙasa tana ramewa, suka ce a ciyar da abin da ke riƙe da ita. A wurinsu yunwar kanta shaida ce cewa an yi sakaci da Dirki. A ma'aunin sarki kuwa, shanu 40 a shekarar yunwa dukiya ce da ba a wasa da ita, garken fada kuma da jangalin makiyaya yake cika. Alwali ya ce ba zai bayar ba. Da suka nace sai ya fusata, ya aika samari da gatura suka yi ta saran ƙunshin har abin da ke ciki ya bayyana. Alƙur'ani ne, kyakkyawan kwafi, lulluɓe cikin fatu.

Wannan ganowa ta tona yadda fadar Kano ta daɗe tana tafiya. Musulunci ya shiga fada tun zamanin Yaji na farko a ƙarni na 14, lokacin zuwan Wangarawa, ya kuma kafu sosai a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda Shehu Maghili ya rubuta wa nasiha kan mulki. Duk da haka tsohon tunanin Dala, na su Barbushe da Tsumburbura, bai mutu ba, sai ya sake tufafi. An ɗauki Littafin da aka saukar don a karanta a yi aiki da shi, an naɗe shi, an mayar da shi abin da ake zuba wa jini. Masu yankan suna ganin albarkar Alƙur'ani suke nema, malaman sunna kuwa suna ganin wannan shi ne ainihin gauraya addini da tsafi.

Da saran nan Alwali ya jefa kansa cikin halin gaba kura baya sayaki. Manyan fadarsa, waɗanda zai dogara da su ranar yaƙi, sun ga ya keta abin da ke haɗa su da sarauta, kuma duk wata masifa da za ta biyo baya sun riga sun san wanda za su ɗora wa. Malaman da ke neman gyara kuwa, kukansu ya wuce Dirki nesa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa abubuwan da yake tuhumar sarakunan Hausa da su: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake kai wa masu iko kafin a biya bukata, da cin dukiyar mamaci. Gatarin Alwali bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wasiƙa daga yamma

A watan Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Yuni kuma jama'arsa suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto. Bayan haka Shehu ya aika wa sarakunan Hausa wasiƙu yana bayyana abin da ke tsakaninsa da Gobir, yana kiransu su goyi bayan gyara. Muhammadu Bello ya ruwaito a Infaƙul Maisur cewa Sarkin Katsina ya yi watsi da wasiƙar, Sarkin Zazzau ya amsa, Sarkin Kano kuwa ya kusa amsawa sannan ya juya. Wannan ɗan jinkiri ya dace da mutumin da ya fasa Dirki. Yana da shakka game da tsohuwar hanya, amma kujerarsa a kanta take, kewaye da mutanen da cinsu da shansu ya dogara da ita.

A ƙasar Kano almajiran Shehu suka yi tasu hijirar zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Cikin shugabanninsu akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Dabo na Dambazawa, da Malam Abdurrahman da Malam Jibir na Yolawa. Akwai kuma Malam Usman Bahaushe, wanda kasancewarsa cikinsu ke nuna cewa rigimar ba ta tsaya kan ƙabila ba. Labarin wannan gwagwarmaya ya zo dalla-dalla a Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi, wanda aka rubuta a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi.

Rundunonin da Alwali ya fara turawa ba su yi nasara ba, kowace karya kuma tana ƙara wa jama'a dawaki da makamai da mabiya. Garuruwa suka riƙa faɗuwa ko miƙa wuya. A arewacin ƙasar, Ɗantunku, kakan sarakunan Kazaure, ya mara wa masu jihadi baya. Daga bisani sarki ya fita da kansa, aka yi karon ƙarshe a Ɗanyaya, arewa da birni, inda dawakin lifidi suka kasa karya maharban jama'a. Daga nan birnin Kano ya fita daga hannunsa.

Hanyar Burumburum

Alwali ya nufi Zariya neman mafaka. Da Zagezagi suka tambaye shi dalilin barin garinsa, sai ya gargaɗe su cewa abin da ya fitar da shi yana nan tafe gare su, wato dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ba su ji daɗin maganar ba, suka kore shi. Ba a jima ba, a ƙarshen 1808, Malam Musa ya shiga Zariya, Sarki Makau ya gudu kudu zuwa Zuba, daga baya kuma ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja ta asali, wadda yanzu ake kira Suleja.

Daga Zariya Alwali ya juyo ƙasarsa ta kudu, ya bi ta Rano, ya ƙare a Burumburum. Zaɓin yana da ma'ana ga mai neman sake shiri. Yankin yana nesa da birni, yana kan iyakar Kano da Zazzau, bayansa kuma ga duwatsu da dajin da a yau ake kira Falgore. Amma masu jihadi ba su ba shi lokaci ba. Suka bi shi har can, aka yi yaƙi, aka kashe shi. Kundin ya ba shi shekara 27 a kan gado, uku daga ciki yana fafatawa da jama'ar Shehu. Sarautar Kano ta koma hannun Malam Sulaimanu, bayansa kuma Ibrahim Dabo a 1819, wanda zuriyarsa ke kan gadon har yau.

Wa ya sace kurwar Kano?

Kowane ɓangare ya fassara mutuwar Alwali da ma'auninsa. Masu kewar tsohuwar fada suka ce ya fitar da abin da ke cikin Dirki, shi ma aka fitar da shi. Masu jihadi suka ce ƙarshen mulkin gauraya da zalunci ke nan. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa rubuce-rubucen da suka kawo mana labarinsa duk an kammala su ne a ƙarƙashin waɗanda suka gāje shi. Ko a wancan zamani ma akwai wanda ya ja da hukuncin: Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Borno, a wasiƙun da ya yi musaya da Muhammadu Bello, ya kafe cewa irin waɗannan al'adu saɓo ne da ake samu a ƙasashen Musulmi da yawa, ba su isa hujjar kafirta al'umma a yaƙe ta ba. Bello ya mayar masa da amsa mai tsawo, muhawarar kuma tana nan a rubuce.

Ta fuskar likitanci, tunanin wani ɓoyayyen ƙarfin rai ya fara rasa gindi a Turai jim kaɗan bayan wannan zamani. A 1828, shekara 21 bayan Burumburum, masanin kimiyya Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa sinadarin yuriya a ɗakin gwaji, abin da a da ake zaton jiki mai rai ne kaɗai ke iya samarwa. Har yau babu na'urar da ta auna qi ko prana ko kurwa. Yaron da ke ramewa, asibiti kan gano tamowa ce ko tarin fuka ko tsutsar ciki, cututtukan da ke da magani idan an kai shi da wuri.

Idan aka duba Kanon Alwali da irin wannan ido, alamun ciwon a fili suke cikin kundin kansa: kasuwar da haraji ya kusa kashewa, malaman da aka aza wa kuɗi, makiyayan da ake ƙirga wa shanu, talakawan da suka bar birni, sannan yunwa. Fadawan da suka ce ƙasa tana da wani ƙarfi mai iya ƙarewa ba su yi kuskure duka ba. Inda suka ɓata shi ne wurin da suka neme shi. Ƙarfin yana cikin yardar mutanen da ke noma da kiwo da saye da sayarwa, kuma an daɗe ana zuƙe shi tun kafin a haifi Alwali. Shi kuma ya gane cewa babu komai a fatun, amma bai kai ga taɓa abin da ke cin mutane ba, ko kuma lokaci bai ba shi dama ba.

Tsohon tunanin bai bi shi kabari ba. Kundin ya ruwaito cewa da farko jama'a sun hana Sarki Sulaimanu shiga Gidan Rumfa, don gudun kada su gāji halin waɗanda suka kora. Sai wani daga cikin Kanawan da suka rage ya nuna masa cewa muddin bai shiga gidan ba, sarautarsa ba ta cika a idon birni da ƙauye ba. Aka kai maganar gaban Shehu, ya ba da izini, Sulaimanu ya shiga. Fiye da shekara 200 bayan haka, a rikicin masarautar da ya ɓarke a 2024, tambayar wanda ke zaune a Gidan Rumfa da wanda ke gidan Nassarawa, da wanda ke riƙe da tagwayen masu, ta sake cika bakin Kanawa.

Jangalin da Kutumbi ya fara, wanda Shehu ya yi tir da shi, shi ma ya tsallake jihadi, ya tsallake mulkin Turawa, ya shigo zamanin 'yancin kai. A 1979 gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta shelanta soke shi tare da haraji a jihar Kano, shekara 172 bayan an kashe Alwali a Burumburum.